Kawu Mai Kiran Suna a Bakin Gada

Na Allah muke, wajensa kowa ya nufa, kuma Kawu ya riga mu isa ranar wata Talata da hantsi, a ɗakina na bayan shago, nan Tamanrasset. Kafin azahar layinmu ya cika. Ban san leburorin garin nan sun kai haka yawa ba sai ranar. Suka baro wuraren gini da siminti a ƙafa, suka zauna a ƙasa jingine da katanga. Babu mai kuka. Abin da ya dame ni shi ne yadda kowa ya kasa kunne wajen ƙofar ɗakin, sai ka ce jira suke a kira su.

Wani dattijo Ba'abzine mai sayar da gawayi ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Bai yi mini gaisuwar da aka saba ba. Cewa ya yi, "To gobe wa zai san mun kwana?" Alhajin Maraɗi, mai babban shagon taliya da dabino, ya zo da sukari da ganyen shayi, ya zauna yana huci. Ya ce, "Mutumen ga ya dame ni yana da rai, ga shi ya tafi ya ƙara damuna." Sai kuma wata 'yar Agadas mai sayar da shinkafa da wake, ta leƙo daga ɓangaren mata ta ce wallahi ita da safen nan ta ji muryarsa a bakin gada yana kiran suna. Kowa ya san kwana ashirin ke nan Kawu bai taka ƙasa ba. Amma ba wanda ya ce mata ta yi shiru.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Na san a can gida za a ce tsohon ɗan majalisar jiha ya rasu a ƙasar waje, a yi layi biyu a wuce. Shi ya sa na ɗauki biro. Akwai kuma maganar da na ɓoye masa shekara shida, kullum ina tsoron ya mutu ban faɗa ba, kullum kuma ina tsoron faɗa. Ba zan iya ba da labarinsa in tsallake ta ba.

Mahaifiyarmu 'yar tsallaken iyaka ce, aure ya kawo ta ƙasar Damagaram. In an ba mu hutun lekkol, wato makaranta, takan tura mu wajen yayanta, ni da Yaya, mu je mu ci shinkafar Najeriya. A lokacin Kawu ya bar koyarwa, 'yan dako da matan kasuwa sun tura shi majalisar dokokin jiharsu. Ni dai ban ga alamar mulki a gidan ba. Zauren cike yake da mutane masu takardu a leda, shi kuma yana zaune da hularsa a karkace yana ce wa kowa, "Faɗi sunanka tukuna. A sa a rubuce." Ko ruwa ka zo nema sai ka faɗi sunanka.

Sau biyu aka zaɓe shi. Labarin da ya fi son bayarwa shi ne na dokar kayan dako. Ya kai ƙuduri cewa a ƙayyade nauyin da za a ɗora wa mutum a kasuwa, abokan aikinsa suka yi ta dariya. Washegari ya sa aka shigo da buhun gero har tsakiyar zauren majalisa, ya ce duk wanda zai ƙi ƙudurin ya fara ɗaga wannan tukuna. Mutum ɗaya ya gwada, babbar rigarsa ta yage a hammata. In Kawu ya zo nan sai ya yi dariya har tari ya kama shi, ya ce, "Mutum ba jaki ba ne, ɗana. Jakin ma yana da mai shi." Shi ya kawo dokar da ta hana a ƙwace rumfar kasuwa daga hannun matar da mijinta ya mutu. Shi ya matsa sai da aka ce duk wanda aka tsare a rubuta sunansa a allo a kafa a ƙofa, uwa ta zo ta duba ba sai ta roƙi kowa ba.

Akwai ɗaya da ba ya dariya in ya zo kanta. Ya rubuta ƙuduri cewa kada a binne gawar da ba a san mai ita ba sai an yi shela a kasuwanni da tashoshin mota. Shekara biyu yana bin mutane a kansa. Ranar da za a yanke, ya duba rajista ya ga kowa ya sa hannu, ya ji sanyi a ransa. Da ya shiga zaure sai ya tarar da kujeru. Ashe an tafi ɗaurin auren 'yar wani babba, kowa ya bar wa abokinsa sallahu ya sa masa hannu. Wani ya miƙe ya ce a ƙirga kawuna, aka ƙirga, ba su kai ba, aka ɗage zama. Ba a sake ɗauko maganar ba har wa'adinsa ya ƙare. Yakan ce, "Ranar nan na ga ɗaki cike da sunaye babu mutane. Ina magana ina jin kujeru suna ƙara, babu kowa a kansu." Sai kuma ya ƙara da cewa shi ma sau biyu an taɓa sa masa hannu, bai hana ba.

Bayan ya faɗi zaɓe, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka watsu birane. Mu kuma lokacin mun riga mun hauro nan, ni da Yaya, muna leburanci. Mahaifiyarmu ta dame shi da cewa ba ta jin duriyarmu yadda take so. Ya ce zai zo ya gan mu da idonsa, wata ɗaya ya koma. Shekara tara ya yi.

Abin da ya riƙe shi a bakin gada ya gan shi. Akwai busasshiyar ƙorama da ta ratsa gari, nan leburori ke taruwa bayan sallar asuba suna jiran mai gini ya zo da mota ya ɗebi wanda ya ɗiba. Sanyin Tamanrasset ba ya wasa, kowa ya naɗe fuska da rawani, ido kawai ake gani. Rannan Kawu ya tambaya ina wani ɗan Matamai da ya saba gani, mai ƙaramin yatsa a yanke. Wannan ya ce ya yi arewa, wancan ya ce an yi kame an tafi da shi, wani ya ce ai bai san shi ba. Sunansa na yanka ma babu wanda ya sani. Kawu bai ci abinci ba ranar. Kashegari ya sayi littafi irin na 'yan makaranta, ya hau kan wani dutse ya ce, "Oda! Oda!" Aka yi ta dariya, daga nan aka laƙa masa Onarabul.

Dokar da majalisa ta ƙi masa, a nan ya kafa ta shi kaɗai. Kullum da safe ya kira suna, ka amsa, ya yi maka alama. Wanda zai yi tafiya ya faɗi inda za shi. Wanda aka kira safiya uku bai amsa ba, Kawu ya ɗauki sandarsa ya bi gidan likita, ya bi wajen jandarma, ya ƙare a ɗakin ajiye gawa, da guntun Larabcinsa na allo wanda Larabawan garin ke yi wa murmushi. Sharaɗinsa ɗaya ne: "Kowa da bakinsa. Kada wani ya amsa wa wani." Wannan kuwa ya yi mana wuya, don mu a wurin gini haka muka saba. In shugaban aiki ya kira abokinka bai iso ba, ka amsa masa. A wajenmu zumunci ne.

Da Alhajin Maraɗi suka yi babban faɗa a kan littafin nan, a gaban shago, kasuwa na kallo. Alhaji ya ce, "Mi kake nema da mu, Malam? Nan ba majalisa ba ce. Ran da aka kama ka da takardar ga, ka miƙa mu duka a faranti." Gaskiya Alhaji yana da hujja, ni ma bayansa na bi. Kawu ya buga sanda ya ce gara a kama mutum da sunansa da a binne shi babu suna. Suka rabu baram-baram. Amma dare bai yi ba sai da Kawu ya sayi sabon littafi, ya juye sunayen da ajami, ya ƙone tsohon. Wata huɗu ba su gaisa ba, sai aka yi kame aka haɗa da ƙanin matar Alhaji. Kawu ne ya fara sani, shi ya bi har ya gano motar da za ta kai su iyaka, ya cire rigar sanyinsa ya miƙa masa ta taga, ya dawo gida yana rawar ɗari. Alhaji bai taɓa ba shi haƙuri ba. Tun daga ranar dai kullum akwai butar shayi a kan dutsen nan kafin Kawu ya iso.

To ga tawa.

Shekara ta uku da zuwan Kawu, Yaya ya samu aikin fasa dutse a wajen In Amguel, mako biyu. Magidanci ne, yana da mata da 'ya'ya biyu a gida, kuma aikin gari ya yi ƙasa. Matsalar ita ce a saman kayan babbar mota ake ɗaukar mutane zuwa can, Kawu kuwa ya hana 'yan littafinsa hawan saman kaya, balle ɗan ƙanwarsa. Yaya ya ja ni gefe ya ba ni katinsa na shaida in ajiye kada ya ɓace a daji. Ya ce, "In tsoho ya kira ni ka amsa. Muryarmu ɗaya, ko Inna ba ta rabewa. Can babu rezon waya, kar ka ji shiru ka tada hankali." Na ce, "Yaya, in ya gane fa?" Ya ce, "Kai dai ja rawani." Ni ƙane ne, ban iya yi masa musu ba. In faɗi gaskiya ma, abin dariya ya ba ni.

Safiya goma sha ɗaya na yi ina amsawa. In an kira sunana in amsa daga gaba, sai in zame baya cikin taro in jira nasa. Ran ta goma sha ɗaya da rana aka ɗauke ni aikin gina tafkin ban ruwa a wani lambu a Abalessa, kwana uku, na faɗa wa Kawu na tafi. Na yi lissafi cewa ko an ji shirun Yaya safiya uku, kafin Kawu ya ɗauki sanda mun dawo mu duka. Na dawo da yamma a gajiye, ban tambayi kowa komai ba.

Da safe muna bakin gada sai ga wani direban babbar mota da jaka a hannu, yana ɗaga ta sama. "Wa ya san mai wannan?" Tun daga nesa na gane igiyar da na ɗaure mata hannu da ita. Direban ya ce mako biyu da suka wuce ya tsinci mutum a gefen hanya kafin In Amguel, ya faɗo daga saman kaya, rai ya riga ya yi halinsa. Ya kawo shi gari ya miƙa, ya wuce arewa da lodinsa, sai a hanya ya ga jakar a ƙarƙashin kujera. Yaya ko wurin aikin bai kai ba.

Muka bi sawu, ni da Kawu. Mutanen ɗakin gawa sun yi abin da za su iya. Kwana goma sha ɗaya suka ajiye shi ko wani zai zo, babu takarda a jikinsa, babu wanda ya zo, ran ta goma sha ɗayan da la'asar aka binne shi. A maƙabarta mai gadi ya nuna mana sababbin kaburbura biyar a jere, kowanne da dutse a kai, ya ce ɗaya daga ciki ne, Allah ne ya san wanne. Kawu ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana addu'a. Ni ina tsaye da katin Yaya a aljihuna. Da ban amsa ba, tun safiya ta uku da Kawu ya same shi, ya wanke shi da hannunsa, da yau mahaifiyarmu tana da kabarin da za a nuna mata a hoto.

A wajen zaman makoki Kawu ya buɗe baki sau ɗaya. Ya ce, "Kwana goma sha huɗu yana amsa mini." Maganar ta zaga gari kafin magariba. Wasu suka daina zuwa bakin gada, wasu suka ce aljanun ƙorama ne. Ni na san aljanin. Na ɗauka baƙin ciki ne ya sa tsoho ya ƙara kwana uku a lissafi, na yi gum da bakina. Na ga yadda yake da mai amsa wa wani, na tuna kujerun nan nasa, na ce in ya sani ba zai sake kallona ba.

Bai shafe sunan ba. Shekara shida, kullum in ya zo layin Yaya sai ya kira, ya ɗaga kai ya jira. Mutum sittin, saba'in, fuska a rufe, ba ka jin komai sai iska a ƙarƙashin gada. Sai ya sauke kai ya ci gaba. Ni kuwa ina nan tsaye a gaba ina cizon rawani. Na bar leburanci na buɗe ɗan shago, na yi aure, na kai Kawu ɗakina da ƙafarsa ta ƙi. Duk hidimar da mutane ke yaba mini, tsoro ne rabinta. Sau nawa nake kai masa kunu da niyyar yau zan faɗa, sai ya ce Allah ya yi mini albarka, in fito da maganar a ciki.

Ranar Lahadi, kwana biyu kafin rasuwarsa, likita ya ce mu yi ta addu'a. Da la'asar na rufe shago na shiga na durƙusa a gefen katifa. Na ce, "Kawu, akwai maganar da nake so ku ji. Ba Yaya ne ya riƙa amsa muku ba. Ni ne. Shi ya sa ni, amma ni na yi. Ku gafarce ni." Na faɗi duka, har katin.

Ya saurara har na gama. Sannan ya nuna jakarsa ya ce in ɗauko littafin shekarar. Na buɗe inda ya ce. Ga layin Yaya, alama goma sha huɗu a jere. Goma sha ɗaya na farko kowacce an kewaye ta da ɗan zagaye. Ukun ƙarshe babu.

Ya ce, "Shekara nawa na yi ina kiran rajista a aji, ɗana? Tun safiyar farko na ji kai ne. Zagayen nan naka ne. Na ce ƙaninsa ne, ya san inda yake. Gwiwata tana ciwo, na ce bari in bar yara da wayonsu. Ni da na yi dokar, ni na bari ta wuce sau goma sha ɗaya." Ya nemi hannuna ya riƙe. "Kai ƙane ne aka sa ka. Ni wa ya sa ni? Na yafe maka tun a maƙabarta. Ni ne na kasa tambayarka. Ka yafe mini ɗan'uwanka?"

Na ce na yafe. Da ƙyar ta fito, kuka ya ci ƙarfina. Shekara shida muna tare, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu ɗaya.

Da na lafa sai ya sa yatsa a kan ukun ƙarshe. Ya ce, "Waɗannan fa? Ka bar wa wani sallahu da za ka Abalessa?"

Na ce ban bar wa kowa ba.

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar dama ya sani. Ya ce, "Safiya ta goma sha biyu na fito da sandata. Na ce yau mai amsa masa ba ya nan, in na ji shiru daga nan sai likita. Na kira. Sai ya yi gyaran muryar nan tasa, wadda yake yi tun yana yaro kafin ya yi magana, kai ba ka taɓa yin ta ba. Ya ce, ina nan, Kawu. Na ce alhamdulillahi ya dawo, na koma gida na ajiye sanda." Ya rufe littafin ya tura mini. "Ashe kwana ɗaya kafin nan, da la'asar, aka binne shi, ɗana, ni ban sani ba."

Bai ƙara wata doguwar magana ba har Allah ya karɓi abinsa. Mun binne shi a maƙabartar nan, na sa an rubuta sunansa da na mahaifinsa a dutse, da boko da ajami. Allah ya ji ƙan Kawu, ya yafe masa safiyoyin da ya bari suka wuce, ya saka masa da waɗanda ya tsaya cikin sanyi saboda 'ya'yan mutane. Allah ya ji ƙan Yaya da huɗun da ke kwance tare da shi.

Bayan sadakar bakwai leburori suka zo suka ce in hau dutsen. Na hau, ina kira kullum, Alhaji bai fasa aiko shayi ba. Ban shafe sunan Yaya ba, hannuna ya ƙi. Amma ban taɓa kiransa ba. In na zo layin sai in ji duk taron ya yi tsit, an kasa kunne, ni kuma in sa yatsa in rufe sunan, in kira na ƙasa da shi.